Tarihin Likita Mila, Baturen da ya juya Littafi Mai Tsarki cikin Hausa

A wannan fili namu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau za mu kawo muku labarin wani Bature likita, mutumin Ingila, wanda ya yi fiye da shekara hamsin yana hulɗa da Hausawa har ya mutu cikin ƙasar Najeriya. Sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa da Kanawa sun fi saninsa da Likita Mila. Aikinsa a ƙetaren iyaka ya yi shi, a Zariya da Kano, amma abin da ya bari ya iso ƙasarmu tun da daɗewa. Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda Kiristoci na Tsibiri da Maraɗi da Danja, cikin gundumar Madarumfa, suka tashi suna karantawa shekaru da yawa, daga hannunsa da hannun mataimakansa ya fito. Saboda haka ya kamata mu san ko shi wane ne, mu san abin da ya gyara, mu kuma san inda ya yi kuskure.

Tasowarsa da koyon Hausa

An haifi Mila cikin shekara ta 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton, kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a birnin Landan, a asibitin Bartalamawus Mai Tsarki, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. Da ya gama, maimakon ya zauna gida ya nemi dukiya da sana'arsa, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Ingila, wadda aka sani da C.M.S.

A wannan zamani Turawa sun riga sun ji labarin harshen Hausa da yawan masu jinsa. Wani Bajamushe mai suna Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, ya kuma juya wasu sassa na Littafi Mai Tsarki. Wanda ya fi taimakonsa shi ne Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Turai. Amma Schön bai taɓa zama cikin ƙasar Hausa ba, don haka Hausarsa ta takarda ce, kunnen Bahaushe ba ya jin daɗinta sosai.

Mila ya gane sai ya ji harshen daga bakin masu shi. To, a lokacin hanyar Kano ba ta buɗe ga Bature ba, sai ya tafi Tarabulus, bakin Bahar Rum, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Can ne ayarin fatake da mahajjata ke sauka bayan sun taso daga Kano da Katsina, sun bi ta Damagaram da Azbin da Gat da Gadamas. Ya zauna cikin waɗannan Hausawa yana sauraro, yana tambaya, yana rubutawa. Nan ya gamu da wani yaro ɗan ƙasar Katsina, Abdulmajid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu bisa hanyar Makka. Daga baya wannan yaro ya zama na hannun damansa, ya zauna tare da shi a Zariya, ya kuma taimake shi ƙwarai wajen gyaran Hausa.

Tafiyar Kano da zaman Girku

Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ƴan watanni bayan shigar Faransawa Damagaram. Cikin wannan shekara Turawan mishan biyar suka taso daga Ikko, Bishof Tugwell ne shugabansu, Mila kuwa shi ne likitansu. Suka yi ta tafiya ƙasa wata da watanni har suka isa Kano, ba tare da yardar Lugga ba, ba kuma tare da gayyatar Sarki ba. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada, ya nuna musu birninsa na da littafinsa da malamansa, ba ya bukatar nasu, ya ba su ƴan kwanaki su fita daga ƙasarsa.

Suka komo kudu, suka sauka Girku, wani gari a ƙasar Zazzau. Nan wahala ta same su. Ɗayansu mai suna Ryder ya mutu da ciwon ciki, wani ya kwanta har aka mai da shi gida, gobara kuma ta cinye masaukinsu. Ala tilas suka janye. Wani da ya ga haka da ya haƙura, amma Mila ya sake dawowa. Turawan Ingila suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka hana ƴan mishan zama cikin biranen Musulmi. Mila kuwa ya samu hanya. Cikin 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya shiga birnin Zariya ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da ƴar makaranta.

Abin da littafin ya ce, da abin da hannu ya yi

A nan ne za a ga irin fahimtar da Mila ya yi wa addininsa. Cikin Sabon Alkawari akwai wasiƙar Yakubu, wadda sura ta 2 ke koyar da cewa bangaskiyar da ba ta da aiki gawa ce, kuma wanda ya ga ɗan'uwansa da yunwa da tsiraici ya sallame shi da fatan alheri kawai, bai yi masa kome ba. Cikin Bisharar Luka sura ta 10 akwai misalin mutumin da ƴan fashi suka sassara suka yar bakin hanya. Manyan addini biyu suka wuce suka kau da kai, sai wani baƙo, daga kabilar da ake ƙyama, ya tsaya ya wanke masa rauni, ya ɗora shi bisa dabbarsa, ya biya kuɗin masaukinsa. Kiristoci na ɗaukar waɗannan wurare a kan cewa maƙwabci shi ne duk wanda bukata ta kama, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba.

Zaman Mila a Zariya ya bi wannan hanya. Ƙofar ɗakin maganinsa a buɗe take ga kowa, masu gyambo da masu ciwon ido da masu zazzaɓi, mafi yawansu kuwa Musulmi ne waɗanda suka sha magani suka koma gida da addininsu. Bai yi aure ba har ya mutu. Gidansa ya cika da yara, wasu marayu, wasu ƴaƴan bayi da aka ƴanta, yana ci da su, yana koya musu karatu da rubutu da lissafi, yana kiransu ƴaƴansa. Yana sa riga da rawani irin na gari, yana magana da Hausa har ta kai gwamnatin Turawa na neman taimakonsa wajen juya dokokinta da jarraba ma'aikatanta cikin harshen.

Yana kuma cikin waɗanda suka matsa wa Lugga a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko a ofisoshi da makarantu. Wannan shawara tana da riba, tana da hasara. Ta sauƙaƙa buga littattafai da na'ura, ta buɗe hanyar da jaridu da azuzuwan yaƙi da jahilci suka bi daga baya, har da wannan fili da kuke karantawa. Amma ta sa aka mai da malaman ajami, waɗanda suka yi ƙarnuka suna rubutu, kamar marasa ilmi a idon hukuma.

Isawa da garin Gimi

Abin da ya fi faranta masa rai, kuma ya fi baƙanta masa, ya faru daga 1913. Tun cikin ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa bincike a kan ayoyin Alƙur'ani masu zancen Annabi Isa, har ya tara almajirai aka riƙa ce musu Isawa. Hukumar birni ta ga koyarwarsa ta saɓa, aka kashe shi a kasuwar Kurmi zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Cikin 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa.

Aka samo musu fili a wani wuri mai suna Gimi, suka kafa gari, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Mila ya sa rai nan ne za a ga jama'ar Hausawa Kirista masu noma da hannunsu, masu bin littafinsu cikin harkar yau da kullum. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya shiga garin, ya yi ta ɗaukar manya da yara, maganin da ke akwai a lokacin kuwa ba ya da ƙarfi. Ba a cika shekara goma ba sai da Gimi ta zama kufai, waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa Zariya. Ga likita, ga ilmi, ga kyakkyawar niyya, amma zaɓen wuri ba tare da sanin halin dajin ba ya jawo asarar rayuka. Wannan darasi ne ga duk ma'aikacin da aka ba aikin tsugunar da jama'a ko buɗe sabuwar gona: a tambayi mutanen wuri dalilin da ya sa suka bar fili ba kowa.

Tsakaninsa da masu mulki

Mila mutum ne mai zafin rai, ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Ya ga yadda wasu hakimai da dogarai ke ƙwace kayan talakawa, da yadda ake ci gaba da riƙe bayi a ɓoye bayan an hana, sai ya dinga rubuta ƙara zuwa ga Turawan mulki. Tsakaninsa da Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda shi ma malami ne kuma mawallafin waƙoƙi, zama ya yi tsami. Da Turawa suka tuɓe Sarkin wajen 1920 suka kai shi Lakwaja, mutane da yawa sun ga da hannun Mila cikin al'amarin, Zazzagawa kuma ba su manta ba.

Su ma Turawan mulki ba su tsira daga alƙalaminsa ba. Ya zarge su da jingina ga sarakuna don sauƙin karɓar haraji, suna barin talaka cikin jahilci da zalunci. Cikin 1947 ya buga littafi da Turanci wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Ingila ta kasa a Najeriya. Ga wanda ya karanta annabawan Tsohon Alkawari, irin su Amos da Ishaya, waɗanda suka tsawata wa masu cin amanar matalauta da masu tauye mudu, ba zai yi mamakin wannan hali ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɗaya gefen. Cikin rubuce-rubucensa Mila ya yi wa Musulunci da Fulani masu sarauta maganganu masu kaushi, ya ɗora wa addini laifin da na mutane ne. Ya kuma yi maraba da cin ƙasar Hausa da Turawa suka yi da bindiga, yana ganin hakan zai buɗe masa ƙofa. Littafin da yake juyawa ya yi gargaɗi a kan harshe, cikin wasiƙar Yakubu sura ta 3, inda aka kwatanta shi da ƴar wuta mai cinye babban kurmi. A wannan wuri likitan bai sha maganin da ya rubuta wa wasu ba. Wannan kaushi ya toshe kunnuwa da yawa, ya bar zargi tsakanin mutanen da ya kamata su zauna lafiya. Bayan shekaru masu yawa cikin birnin Zariya, waɗanda suka bi addininsa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.

Babban aikinsa

Wajen 1929 hukuma da shugabannin mishan suka daidaita a fitar da aikin daga cikin birni zuwa Wusasa, gindin wani dutse a bayan ganuwa. Mila bai so haka ba, gani yake an raba shi da jama'a. A Wusasa aka gina makaranta da asibiti da majami'a, wadda magina Hausawa suka yi da laka da bakan gizo irin na fadar sarakuna. Shi kuwa ya koma Kano ya duƙufa ga aikin da ya fara tun yana saurayi.

Juya littafi irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Littattafai 66 ne a haɗe, 39 na Tsohon Alkawari waɗanda asalinsu da Ibrananci ne, 27 na Sabon Alkawari waɗanda asalinsu da Helenanci ne. Akwai tarihi, akwai dokoki, akwai waƙoƙi, akwai wasiƙu. Mila ya yi aikin tare da Hausawan da ya rena da kuma wakilan wasu ƙungiyoyin mishan, cikinsu har da S.I.M., wadda ita ce ta shigo ƙasarmu. Kowace kalma sai an auna ta. Hausa ta riga ta ɗauki kalmomin addini da yawa daga Larabci, irin su Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, Attaura, Zabura. Masu juyi suka yi amfani da su, domin su ne Bahaushe ya sani. A kan suna kuwa, ko a rubuta Isa yadda jama'a suka saba, ko Yesu yadda ya fi kusa da Helenanci, littafin ya fito da Yesu. Cikin 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Landan ta fitar da shi cikakke da baƙaƙen boko. Shi aka yi ta karantawa kusan shekara hamsin, kafin sabon juyi ya fito wajen 1980.

Yadda littafin ya iso ƙasar Maraɗi

Ƴan mishan na S.I.M. sun sauka Damagaram cikin 1924, bayan ƴan shekaru suka zauna Tsibiri ta Gobir, daga baya Maraɗi. Faransawa ba su sakar musu fuska ba, domin masu jin Turancin Ingila ne, kuma lakwal ta gwamnati da Faransanci kaɗai take koyarwa. Saboda haka aikinsu duka da Hausa ya tafi, littafin 1932 kuwa shi ne allonsu. Mutane da yawa a ƙauyukan Gulbin Maraɗi, maza da mata, waɗanda ba su taɓa shiga lakwal ba, a cikinsa suka koyi haɗa baƙi da wasali, tun kafin gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci bayan samun mulkin kai. Aka buɗe asibitin Galmi a 1950, aka buɗe na kutare a Danja a 1956, bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina.

Da maganar ta zo cikin harshen gida, sai masu bi suka riƙa auna ta da zamansu. Manomin gero da ya ji misalin mai shuka cikin Markus sura ta 4, inda wani iri ya faɗi bisa hanya tsuntsaye suka tsince, wani bisa fako, wani cikin ƙaya, wani cikin ƙasa mai kyau, ba ya bukatar mai fassara, domin ya san kowane ɗayansu a gonarsa. Labarin Yusufu cikin Farawa sura ta 41, wanda ya tara hatsi cikin shekaru bakwai na ƙoshi don shekaru bakwai na yunwa, ya zama wa'azin tanadi ga waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984. Mai awo a kasuwa ya tarar littafin Karin Magana ya hana tiya biyu, ta saye da ta sayarwa. Mai bin bashi ya tarar da misalin bawan da aka yafe wa babban bashi, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa a kan ɗan kaɗan, cikin Matiyu sura ta 18. Ma'aikatan Danja kuma, masu wanke miki da ɗaure ƙafafun waɗanda dangi suka gudu, suna da wuraren Bishara da yawa inda Yesu ya taɓa kuturu da hannunsa. Marasa lafiyar da ke zuwa can, daga Madarumfa da Gabi da Safo da ƙetaren iyaka, galibinsu Musulmi ne, ba a kuwa tambayar mutum addininsa kafin a duba shi.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya bari

Mila ya bar ƙungiyar C.M.S. cikin 1935. Ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, sai ya dawo Najeriya ya zauna Bukuru, kusa da Jos, yana koyarwa yana rubutu. Nan ya rasu cikin watan Agusta 1952, yana da shekara 80.

Makarantar da ya fara a Durumin Maigarke, wadda ta koma Wusasa, ta fitar da mutanen da suka yi wa ƙasarsu aiki. Cikinsu akwai Dokta Barau Dikko, likitan boko na farko daga Arewacin Najeriya, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Akwai John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta littafin Jiki Magayi. Janar Yakubu Gowon, shugaban Najeriya daga 1966 zuwa 1975, shi ma a Wusasa ya tashi ya yi karatu.

In aka ɗora rayuwar Likita Mila bisa ma'auni, za a ga abin da ya yi da gardama da zafin baki ya tafi tare da shi, wani ma ya bar tabo. Abin da ya yi da haƙuri, wato jinyar marasa lafiya, da renon marayu, da shekaru talatin na neman kalmar da ta dace, shi ne ya wanzu har ya ƙetare iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Ya nuna cewa harshen Hausa na iya ɗaukar kowace irin magana mai zurfi, abin da malaman ajami suka riga suka nuna tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Ga Kirista mai karatu, tarihinsa tuni ne cewa aya ba ta cika sai ta sauko daga takarda ta shiga gona da kasuwa da ɗakin majinyaci, ta kuma kama harshen mai karanta ta. Ga Musulmi maƙwabcinsa, hanya ce ta sanin abin da ke cikin littafin da ake karantawa a gidan da ke jikin nasa, domin sanin juna shi ke kashe zargi. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, ko malamin asibiti ne, ko malamin gona, ko mai koyar da manya, abin lura shi ne jama'a ba su karɓar magana sai ta zo musu da harshensu, daga bakin wanda ya zauna da su ya kuma girmama su.

Allah ya ba mu zaman lafiya da juna, ya ƙara wa ƙasarmu albarka.